Ƙaramin Injin Ruwa a Gida: Ina Ya Kamata a Ɗaura Shi?

 Da wuya a sami ikilisiya a ƙauyukanmu wadda ba ta da 'ya'ya a garin Kaduna. Waɗansu suna haya a Kawo, waɗansu a Unguwar Rimi, Malali, Badarawa, Unguwar Dosa ko Kabala Costain. Idan sun zo gida Kirsimeti, kukansu ɗaya ne: akwai famfo a gidan, amma ruwan ɗiga yake yi, ba ya hawa tanki, ba ya kai wa banɗaki. Shawarar da ake yawan ba su ita ce su sayi ƙaramin inji ya ƙara wa ruwan ƙarfi. Zancen ya iso ƙauye ma, tun da yanzu asibitocin ikilisiya, gidajen fastoci da makarantu da dama sun sami rijiyar burtsatse da tanki. Injin yana da amfani ƙwarai. Amma wurin da aka ɗaura shi ne yake nuna ko zai zama albarka ko zai jawo cuta da faɗa.

Me ya sa ruwan ba shi da ƙarfi?

Ruwan famfon arewacin Kaduna daga Kogin Kaduna yake. Ana tace shi a matatar ruwa ta Malali, injuna su tura shi cikin manyan bututu zuwa unguwanni. A shekarun 1970 aka gina madatsar Kangimi domin a riƙa sako wa kogin ruwa idan rani ya yi tsanani. Tun daga lokacin gari ya ci gaba da girma. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa kaɗai ta haura mutum 350,000. Bututun da aka binne don gidaje kaɗan, gidaje masu yawa suka jona a jikinsa. Ga tsatsa, ga yoyo, ga ɗauke wuta da ke tsayar da injuna. Saboda haka gidan da ke kan tudu, ko wanda ke ƙarshen layi, shi ne na ƙarshe wajen samu.

Akwai abu ɗaya da ya kamata kowa ya riƙe. Ƙarfin ruwa daga tsayi yake zuwa. Duk mita 10 na tsayi yana ba da abin da masu aikin famfo suke kira ba ɗaya. Tankin da ke mita 3 kawai a bisa kan shawa, kusan kashi ɗaya cikin uku na ba ɗaya yake bayarwa, shi ya sa ruwan yake zubowa a kasalance. Girman tanki ba ya ƙara ƙarfi. Tankin lita 500 da na lita 5,000, idan saman ruwansu yana tsayi ɗaya, ƙarfinsu ɗaya ne. Mutane da yawa sun kashe kuɗi a kan babban tanki, alhali ƙafar tankin ce take bukatar ƙari.

A fara da bokiti

Kafin a je kasuwa, a ɗauki bokitin lita 10 da agogo. Ranar da aka kawo ruwa, a tara a famfon da ya fi kusa da bakin ƙofa, a ga minti nawa zai cika. Sa'an nan a gwada na kicin da na banɗaki. Idan na ƙofa ya cika cikin minti ɗaya amma na ciki ya ɗauki minti biyar, laifin yana cikin gida. Wataƙila tsohon bututun ƙarfe ne ya yi tsatsa har raminsa ya tsuke, ko laka ta toshe kan shawa, ko makunnin ruwan bai buɗe duka ba, ko an ja bututu mai rabin inci tafiya mai nisa da kwana da yawa. Waɗannan duk gyaransu bai kai kuɗin inji ba. Inji a kan ruɓaɓɓen bututu kuwa yoyo zai ƙara.

Idan na ƙofar ma ɗiga yake, to ruwan ne bai isa layinku ba. A nan ne mutane suke yin kuskuren da ya sa muka rubuta wannan bayani.

Kada a jona inji kai tsaye da bututun hukuma

Inji ba ya haifar da ruwa. Wanda yake nan ne yake ja. Idan mutum ya ɗaura shi kai tsaye a bututun da ya shigo daga titi, yana tsotse rabon gidajen da ke bayansa ne. Famfonsa zai yi ta feshi, na maƙwabcinsa ya ƙafe. Maƙwabcin da ke da hali shi ma sai ya sayo nasa, wanda ya fi girma. Kafin shekara ta zagayo kowa yana da inji, ruwan layi bai ƙaru ko cokali ɗaya ba, kuɗin wuta ne kawai ya ƙaru. Wadda ba ta iya sayen inji, kamar gwauruwa mai marayu a ƙarshen layi, ita ce za ta koma sayen jarka a wurin 'yan ga-ruwa, ko ta tura yara rijiyar da ba a san lafiyarta ba. Rikicin ruwa tsohon abu ne. Mun karanta a Farawa sura 26 yadda makiyayan Gerar suka yi ta jayayya da makiyayan Ishaku a kan rijiyoyi. A Kaduna kuwa, inda maƙwabcinka zai yiwu ba addininku ɗaya ba, mun san abin da ƙaramin ɓacin rai yake iya zama. Garin ya sha wahala a 2000 da 2002. Bai kamata sunan mai bi ya fito a unguwa a matsayin wanda yake shanye ruwan jama'a ba.

Haɗari na biyu ya fi wannan, domin ido ba ya ganinsa. Duk wanda ya bi lungunan Kaduna ya ga ƙananan bututun roba kwance cikin kwata, an ɗaure wurin da ya fashe da robar tayar keke. Muddin ruwan ciki yana da ƙarfi, waje yake fita ta wurin hujin, ƙazanta ba ta samun hanyar shiga. Amma da zarar inji ya fara tsotsa, ƙarfin ciki ya faɗi ƙasa da na waje, sai hujin ya zama baki. Ruwan kwata, da abin da ya tsiyayo daga masai, su shige bututun. Mai injin ne zai fara sha, sa'an nan sauran gidajen layi. Ruwan yana iya fitowa garau, ba wari, amma da ƙwayoyin taifod da kwalara a ciki. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, jihohin Arewa ne kuma suka fi shan wuya. Ba wasa ba ne.

Ba mu kaɗai muke da wannan damuwa ba. A Ingila, inda ruwa ba ya yankewa, dokar 1999 ta ce duk wanda zai ɗaura injin da ke jan fiye da lita 12 a minti daga bututun jama'a, sai ya nemi izinin kamfanin ruwa tukuna. Mai gida a Kaduna ma ya je ofishin hukumar ruwa ta jiha, wadda muka saba kira Wata Bod, yanzu kuma KADSWAC, ya tambayi ƙa'idarsu kafin ya taɓa bututunsu.

Hanyar da ta dace

A bar ruwan hukuma ya shigo da ƙarfin kansa, ya zuba cikin tankin da ke ƙasa. Ko ɗiga yake, idan ya kwana yana ɗiga zai tara abin kirki. Bakin bututun ya kasance a saman tankin, kada ya nutse cikin ruwan, a sa masa ƙwallon nan mai rufe ruwa idan tanki ya cika. Daga wannan tanki ne inji zai ja ya tura zuwa tankin sama. Daga tankin sama ruwa ya gangaro gida da kansa, ko akwai wuta ko babu. Ta haka ba ka tsotsi rabon kowa ba, ba ka kuma jawo kwata ba.

Lissafin girman tanki ba wuya. A ba kowane mutum lita 50 a rana don sha, dafuwa, wanka da wanki. Gida mai mutum 8 zai ci lita 400. Idan sai bayan kwana uku ake kawo ruwa, lita 1,200 ke nan, sai a nemi tankin lita 1,500. Gidan haya mai ɗakuna da yawa su haɗa kuɗi su yi guda ɗaya, ya fi kowa ya ɗaura nasa. Amma su zauna tun farko su yarda a kan wanda zai riƙa kunnawa da yadda za a raba kuɗin wuta, a rubuta a takarda.

A kula da ƙafar tanki. Lita 1,000 na ruwa nauyin tan ɗaya ne, daidai da buhun siminti 20. Kada a ɗora shi a kan ruɓaɓɓen katako ko siririn ƙarfe, musamman inda yara suke wasa a ƙarƙashi.

Wane inji?

Ga gida mai hawa ɗaya ko biyu, inji mai rabin doki ya isa. Mai sayarwa zai so ya ba ku mai doki ɗaya, domin ya fi tsada. Mai rabin doki, wato wajen wat 370, yana iya tura lita 25 zuwa 30 a minti zuwa tankin da ke mita 10. Cikin minti 40 ya cika tankin lita 1,000, wutar da ya ci ba ta kai yunit ɗaya ba. A duba farantin da ke jikinsa, an rubuta iyakar tsayin da yake kai wa da yawan ruwan da yake bayarwa. Amma a sani, ba ya ba da biyun a lokaci guda. Yadda tsayi yake ƙaruwa, haka ruwan yake raguwa.

Akwai kuma ɗan ƙarami, mai wat 100 ko kusa da haka, da ake sa wa a bututun da ya sauko daga tankin sama don shawa ta yi ƙarfi. Wannan ba ya cutar da kowa, tun da ruwanka yake turawa. Sai dai in an ɗauke wuta an koma gidan jiya.

Abubuwa uku ne suka fi kashe waɗannan injuna. Na farko, aiki babu ruwa: idan tankin ƙasa ya ƙare inji yana ta juyawa, robar da ke hana yoyo takan ƙone. Akwai makunni mai yawo a kan ruwa da ke kashe inji da kansa, kuɗinsa kaɗan ne, a saya tare. Na biyu, wuta maras ƙarfi. Idan kun ga ƙwan lantarki ya yi ja, kada ku kunna, injin zai yi ta gurnani har wayarsa ta ƙone. Haka ma ƙaramin janareta, domin lokacin tashi inji yana jan wuta ninki da yawa. Na uku, ruwan sama. A gina masa ɗan ɗaki mai iska, a sa kwaɗo saboda ɓarayi. Mai aikin wuta na gaske ne zai haɗa wayar, ya sa wayar kariya da ake binnewa a ƙasa. Ruwa da lantarki ba sa shiri, kada a bar waya a tsirara inda mata suke wanke-wanke.

Ga mu na ƙauye

Inda babu bututun hukuma, maganar tsotse rabon maƙwabci ba ta taso ba, sai idan rijiyar ta jama'a ce. Amma lissafin tsayi yana nan. Kwamitin asibiti ko na makaranta, kafin ku taɓa baikon ikilisiya don sayen inji, ku tambayi magini nawa zai ci a ƙara wa ƙafar tanki mita biyu ko uku. Ƙafa ba ta shan fetur, ba ta ƙonewa.

Idan daga rijiya za a ja, a san cewa injin da ke zaune a bakin rijiya ba ya iya tsotso ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8, komai girmansa. A auna zurfin ruwan a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ya fi ja da baya, ba a watan Agusta ba. Idan ya wuce haka, sai irin wanda ake zurawa cikin ruwa, wanda ake kira sumo. Yawancin ƙasar Kaduna dutse ne a ƙarƙashi, rijiya ba ta saurin mayar da ruwa, saboda haka babban inji zai ƙafar da ita cikin mintoci ya fara jan laka.

Tankin ƙasa da na sama duka su kasance a rufe, nesa da masai, a wanke su sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta. Inji ba ya tsabtace ruwa. Na sha, a tafasa shi ko a sa masa maganin kulorin bisa ga awon da aka rubuta a jikin kwalbar, a jira minti 30 kafin a ba yara.