Taron Likitoci da Diyyar Hayaƙi

A ƙarshen watan Nuwamba na kowace shekara, birnin Shikago da ke ƙasar Amurka yakan cika da baƙi. Baƙin nan likitoci ne masu ɗaukar hoton cikin jikin ɗan Adam, tare da 'yan kasuwa masu sayar musu da na'urori. Ƙungiyarsu, wadda ake kira RSNA, ita ce take shirya taron. Kafin annobar korona, mahalarta sukan haura 50,000, daga ƙasashe fiye da 100. Mafi yawansu ta jirgin sama suke zuwa.

Jirgin sama yana ƙona mai. Duk kilo ɗaya na man jirgi da ya ƙone yakan fitar da iskar kabon fiye da kilo 3. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, amma tana taruwa a sararin samaniya, tana riƙe zafin rana kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Ita ce babbar mai haddasa ɗumamar yanayi. Likitan da ya tashi daga Landan zuwa Shikago ya koma, rabonsa na wannan iska ya kai kimanin tan 1. Wato a cikin mako guda ya fitar da abin da ya fi na matsakaicin ɗan Nijeriya a shekara guda cur.

Wannan abu yana damun likitoci da yawa, domin ɗumamar yanayi tana kawo cuta. Zafi mai tsanani yana kashe tsofaffi, ambaliya tana kawo kwalara, fari kuma yana kawo yunwa. Ta yaya mai maganin cuta zai zama mai ƙara ta? Saboda haka masu shirya wasu tarurrukan likitoci suka fara biyan abin da za mu kira diyyar hayaƙi.

Ga yadda ake yi. Da farko a ƙirga iskar kabon da taron ya fitar: tafiyar mahalarta, wutar lantarkin zaure, masauki da abinci. A taron da ake zuwa daga nesa, tafiyar jirgi ce take ɗaukar kaso mafi tsoka. Bayan an gama lissafi, sai a sayi takardun shaida. Kowace takarda tana nufin an hana tan 1 na kabon fita, ko an janye shi daga sama, a wani wuri dabam. Kuɗin yakan tafi wajen dasa itatuwa, ko tsare daji, ko kafa wuta mai aiki da hasken rana. Hujjar ita ce, sararin samaniya ɗaya ne. Hayaƙin da aka rage a Afirka daidai yake da wanda aka rage a Amurka.

Wani ɓangare na irin wannan kuɗi yana zuwa ƙasarmu. Wata ƙungiyar Jamus mai suna atmosfair tana karɓar diyya daga matafiya, tana kuma ƙera murhun ƙarfe mai tsimin itace a Kano. Sunan murhun Save80, domin an ce yana rage itacen girki da kashi 80 cikin 100. A ganina, wannan ya fi dacewa da likitoci, tun da hayaƙin girki yana lalata huhun mata da yara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutane kimanin miliyan 3 a shekara.

Sai dai ba kowace takardar shaida ce take da gaskiya ba. Akwai tambayar da ya kamata a fara yi: in da ba a biya kuɗin ba, shin da an sare dajin? Idan dama babu mai niyyar sare shi, to an biya kuɗin banza, hayaƙin jirgi kuwa yana nan. A shekarar 2023, jaridar Guardian ta Ingila da wasu abokan aikinta sun ruwaito cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun tsare daji da suka bincika, na hukumar Verra, da wuya su kasance sun rage wani hayaƙi. Verra ta musanta wannan. Bayan haka, itace ba ya dawwama. A 2021 gobarar daji a jihar Oregon ta cinye itatuwan da aka riga aka sayar da takardunsu, kabon ɗin ya koma sama. Kuma tsiro yakan ɗauki shekaru kafin ya sha abin da jirgi ya fitar cikin sa'o'i takwas.

Shi ya sa masana suke cewa a fara rage hayaƙin tukuna, sannan a biya diyyar abin da ya rage. A 2020 korona ta tilasta wa RSNA yin taronta gaba ɗaya ta intanet, ba wanda ya hau jirgi. Likitan da ke Ibadan ko Enugu, wanda kuɗin jirgi da biza suka saba hana shi zuwa, ya iya sauraron lacca daga ofishinsa. Amma gwada sabuwar na'ura da hannu, da hira da abokan aiki ido da ido, ba su yiwu ba. A 2021 aka koma Shikago, aka kuma bar ƙofar intanet a buɗe ga masu so.