Cire Takunkumin Caca: Wa Ke Shaidar Cewa Mutum Ya Warke?

Yau za mu amsa tambayar wani dattijo da ɗansa ke zaune ƙasar Suwis. Yaron ya faɗa caca har bashi ya ci shi, aka hana shi shiga gidajen cacar ƙasar. Yanzu ya ce ya warke, yana son a cire masa takunkumin, ya nemi albarkar mahaifinsa. Dattijon na tambaya: ya sa albarka ko ya ƙi?

Mu fara da fahimtar abin. Dokar caca ta Suwis, wadda ta soma aiki a 2019, ta wajabta wa gidan caca ya hana duk wanda aka san bashi ya fi ƙarfinsa, ko yana zuba kuɗin da ya wuce samunsa. Mutum ma yana iya neman a hana shi da kansa. In aka rubuta sunansa, hanin ya game dukan gidajen cacar ƙasar, har da cacarsu ta intanet. Ba ya faɗuwa don an daɗe. Sai mutum ya rubuta wa gidan da ya hana shi, ya nuna cewa dalilin hanin ya kau, ya kawo takardun albashinsa da shaidar ba a bin sa bashi. Wanda ya hana kansa da kansa ma sai bayan wata 3 yake iya nema. Kuma dole a sa masanin jarabar caca wanda hukumar yankin ta amince da shi cikin binciken.

Don me aka sa masanin? Domin gidan caca da asarar mutum yake ci. Barin hukunci hannunsa shi kaɗai ba wa kura ajiyar nama ne. Shi ma mai jarabar ba a dogara da shaidarsa a kan kansa, ba don yana ƙarya ba, sai don ciwon nasa daga cikin alamunsa akwai ganin cewa ya warke. Masanin zai zauna da shi, ya tambaye shi abin da ke tura shi, kaɗaici ne ko baƙin ciki, ko har yanzu yana mafarkin maido abin da ya rasa. Wannan na ƙarshe shi ne mugun tarko. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa jarabar caca cikin cututtuka.

Da aka yi mani bayanin nan, sai na tuna babin hajaru da muka karanta a zaure cikin Muhtasar na Shehu Halilu. Hajaru shi ne a hana wawan dukiya, wanda ake kira safihi, taɓa dukiyarsa don kada ya tozarta ta. Asalinsa yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 5 da ta 6, inda aka hana miƙa dukiya ga safihai, aka kuma yi umarni a jarraba marayu kafin a ba su tasu. Ku lura, jarrabawa aka ce. Ba a karɓar faɗin bakin mutum kawai. A mazhabarmu ta Malikiyya, shiriyar da ake nema a nan ita ce iya tsare dukiya, Imamu Shafi'i kuwa ya ƙara da gyaruwar addini. Wanda alƙali ya yi wa hajaru, sai an tabbatar da shiriyarsa ake sake masa. Masanin nan a wurin masu shaidar shiriya yake tsaye, kuma zuwa wurinsa neman magani ne, bai saɓa wa tawakkali ba.

To amma, Alhaji, ƙofofi biyu ne a tambayarka, kada su rikice maka. Ta farko ƙofar dukiyarsa ce: in ɗanka ya nuna natsuwa, a maida masa ragamar kuɗinsa kaɗan-kaɗan, ana dubawa. Ta biyu ƙofar gidan caca ce, wadda Allah ya rufe a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ga mai bashi da mai arziki baki ɗaya. Ko masanin ya ce ya warke, wannan shaidar lafiya ce, ba fatawar halasci ba. Ka tambaye shi cikin taushi: wanda ya bar caca, me zai yi da izinin shiga gidanta? In kunyar sunansa cikin rajista ke damunsa, ka gaya masa wannan rajistar katanga ce da ya samu kyauta. Kada ka sa albarka ga cirewar. Ka sa albarka ga ci gaba da ganin masanin.

Mu nan gida, gidan caca ya shigo aljihu ta salula, yaro na kwance ɗaki yana zuba jika bayan jika kan ƙwallon Turai. Wanda abin ya kama, ya yi wa kansa hajaru cikin wannan wata: ya goge abin daga salularsa, ya damƙa kuɗinsa ga matarsa ko wansa amintacce, ya je asibiti wurin likitan ƙwaƙwalwa ba tare da kunya ba. Kuma kada a maida masa kuɗin ranar Salla don kawai ya yi kwana 30 bai taɓa ba. Azumi garkuwa ne, sai a ga halinsa cikin Shawwal da bayansa. Allah ne Mafi sani.