Ƙwayar cutar da ke hawa robar fitsari da runduna

A Garou da ƙauyukan bakin kogin Isa, idan fitsari ya tsaya wa dattijo, Malanville ake kai shi a saka masa roba. Ya samu sauƙi, a dawo gida, sai a manta da ranar canji. Kuɗin kabu-kabu ma wani abu ne, na sani. Amma robar nan da muke gani a kwance, hanya ce ga wata ƙwayar cuta mai suna Proteus mirabilis.

Wani likitan Jamus, Gustav Hauser, ya bayyana ta a 1885. A cikin ruwa gajeriya ce, tana iyo ita kaɗai da 'yan gasu kaɗan a jikinta masu juyawa kamar farfela. Da ta taɓa abu mai tauri irin roba, gasun nan suka ji tirjiya, sai labari ya canja. Cikin ƙwayoyin gadonta akwai wasu biyu, flhD da flhC, su ne masu ba da umarni. Suka tashi aiki, sai ta daina rabuwa biyu, ta miƙe ta ninka tsawonta sau goma ko fiye, ta fito da ɗaruruwan gasu. Sannan su jeru kafaɗa da kafaɗa su tafi tare. Su yi tafiya, su tsaya su hayayyafa, su sake tashi. Masana sun kashe ƙwayoyin gadon nan biyu a ɗakin bincike, tafiyar ta tsaya cak.

Abin da ya fi damuna shi ne aikinta in ta isa mafitsara. Tana farfasa sinadarin da ke cikin fitsari, gishiri ya daskare ya zama tsakuwa ya toshe robar. Fitsari ya koma baya, wani lokaci har ƙoda, ga zazzaɓi da rawar ɗari, mu ce ai maleriya ce.

Kafson tetirasaikilin da ake saya a kasuwar Malanville kuwa ba ya yi mata komai, haka aka halicce ta. Don haka in jakar Baba ta daina cika, ko fitsarin ya yi kauri da zarni mai ƙarfi, a ranar za a koma asibiti. Kafin nan, a riƙa ba shi ruwa sosai, jakar kuma ta zauna ƙasa da ƙugunsa.