Jeka-ka-dawo a Babban Birni: Kalmar "Commute" da Bahaushe Mai Koyon Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Da wuya a buɗe littafin koyar da Ingilishi ga baƙin harshen ba a ci karo da darasi kan zuwa wurin aiki ba. Kalmar da darasin ke dogara a kanta ita ce "commute". Ɗalibi Bahaushe yakan fassara ta da tafiya ko zirga-zirga, amma ma'anar ba ta cika zama daidai ba. Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin bayyana asalin kalmar, da yanayin rayuwar da ya haife ta, da kuma wuraren da Hausa da Ingilishi suka saɓa wajen bayyana wannan tafiya ta kullum.

2.0 Asalin Kalmar

Tushen kalmar Latin ne, daga "commutare", wato musanya abu da wani. Har yau tana ɗauke da wannan ma'ana a harshen shari'a, inda ake amfani da ita idan an musanya hukunci mai tsanani da mai sauƙi. A tsakiyar ƙarni na 19 kamfanonin jirgin ƙasa a Amurka suka fara sayar wa masu shiga birane irin su New York da Boston kullum tikiti mai rangwame, wanda ya musanya biyan kowace rana da biya guda na wani tsawon lokaci. Daga sunan tikitin aka samo sunan mai riƙe da shi, daga baya kuma aka kira tafiyar kanta da wannan kalma.

Ke nan kalmar ta ƙunshi abubuwa uku: gida yana wuri ɗaya, aiki yana wani wuri mai tazara, kuma ana maimaita tafiyar a kai a kai. Idan ɗaya ya kau, kalmar ba ta dace ba.

3.0 Birnin da Darasin ke Nufi

Littattafan da aka rubuta a Ingila sukan ɗauki Landan a matsayin misali. A can aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya ranar 10 ga Janairu, 1863, tsakanin Paddington da Farringdon. Layukan dogo suka ba ma'aikaci damar kwana a wajen gari ya wayi gari a tsakiyarsa. A shekarar 2003 hukumar birnin ta sanya harajin fam biyar a kowace rana ga motar da ta shiga tsakiyar gari, domin rage cunkoso. Saboda haka darasin ya cika da kalmomin jadawali, da dandamalin hawa jirgi, da tikitin wata.

Ɗalibin Nijeriya ya san wannan rayuwa, sai dai da wata kama. Tun bayan da Abuja ta zama mazaunin gwamnatin tarayya a watan Disamba na 1991, tsadar haya ta tura ma'aikata da dama zuwa Nyanya da Kubwa, har ma da Mararaba a jihar Nasarawa da Suleja a jihar Neja. A Legas an fara amfani da manyan bas-bas masu titinsu na musamman a shekarar 2008. A Kano kuwa, hana acaɓa a Janairun 2013 ya sa A Daidaita Sahu ta zama abin hawan talaka. Abin da ya bambanta shi ne, a nan mota ba ta tashi da agogo, sai ta cika.

4.0 Me Hausa ke Cewa?

Hausa tana da kalmomin tafiya masu yawa, kowace da iyakarta. Fatauci doguwar tafiya ce ta ciniki. Cin rani ƙaura ce ta ɗan lokaci bayan an kawar da amfanin gona. Jigila ta shafi ɗaukar kaya ko fasinja, wato aikin direba ne ba na wanda aka ɗauka ba. Zirga-zirga da kai-komo suna nuna maimaici, amma ba su ayyana gida da wurin aiki ba. Mai jinya ma yana kai-komo a asibiti.

Wadda ta fi kusa ita ce jeka-ka-dawo, kamar yadda ake cewa makarantar jeka-ka-dawo don a bambanta ta da ta kwana. Ta tattara dukkan sharuɗɗan nan uku, kuma kunnen Bahaushe ya riga ya saba da ita. Idan aka ce ma'aikacin jeka-ka-dawo, mai sauraro zai gane cewa ba a garin yake kwana ba.

5.0 Wuraren Tuntuɓe

Na farko, hawa da shiga. Bahaushe yana hawa babur, yana shiga mota ko ya hau ta, duka daidai ne. Ingilishi kuwa yana amfani da "get on" ga bas da jirgi da keke, sannan "get in" ga ƙaramar mota da tasi. Ƙa'idar da ke taimakawa ita ce, abin da za a iya miƙewa a yi tafiya a cikinsa, ko wanda ake zama a bayansa, shi ke ɗaukar na farko.

Na biyu, sauka. A Ingilishin Nijeriya fasinja yakan ce zai "drop" a wuri kaza. A Ingila direba ne ke yin wannan aiki idan ya ajiye mutum. Fasinja sai dai ya ce "get off" ko "get out".

Na uku, gosulo. Hausa ta aro ta daga "go-slow" da ma'anar cunkoson ababen hawa. A Ingila kalmar tana nufin ma'aikata su sassauta aiki da gangan don nuna ƙorafi. Wanda ya ce ta sa shi makara, za a ɗauka rikicin ƙwadago yake nufi.

Waɗannan ba kurakuran jahilci ba ne. Ingilishin Nijeriya yana da tsarinsa. Amma ɗalibin da zai rubuta jarrabawar ƙasashen waje, ko ya fuskanci ganawar neman aiki, yana buƙatar sanin inda kowace siga ke karɓuwa.

6.0 Kammalawa

Darasin zuwa wurin aiki ya fi zama a ƙwaƙwalwa idan malami ya fara daga tashar da ɗalibi ya sani, kafin ya kai shi Landan. Haka kuma, akwai aiki a gaban masu tsara ƙamus da masu fassarar labarai: su duba ko jeka-ka-dawo za ta iya ɗaukar wannan nauyi a rubutu. Miliyoyin Hausawa suna yin wannan tafiya safe da yamma, don haka ya kamata a daidaita sunanta a harshensu.