Tsarnawa: Yadda buguwar kai a hatsarin babur ke cinye tsokar jiki

A mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babban titin da ya taso daga Birnin Konni zuwa Maradi, 'yan kabu-kabu na kutsawa tsakanin manyan motoci, da yawansu babu hular kwano. Wanda ya faɗi ya bugu a ka, akan garzaya da shi asibitin Konni, ko na Galmi da aka buɗe tun 1950.

Idan ya farfaɗo, dangi kan yi hamdala. Sai dai bayan 'yan makonni sukan ga cinyoyinsa sun motse, hannun da ke ɗaga buhun albasa ya kasa riƙe kofin shayi.

Ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo ta jijiyoyi domin tsoka ta motsa. Idan ta ji rauni, saƙon ya ragu, tsokar da ba ta aiki sai ta fara zubewa. Haka kuma jiki kan saki sinadarai irin su kotisol, waɗanda ke narka furotin ɗin tsoka domin samun ƙarfin jinya. Ga doguwar kwanciya, ga wahalar haɗiye abinci.

Abin yana da sauri. Wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa a 2013 ya gano cewa tsokar cinyar majinyatan da ke sashen kulawa ta musamman a Ingila ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a kwana 10 kacal.

Shi ya sa likitoci ke son a fara ciyar da majinyaci da wuri, ko da ta bututun hanci ne, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, ana lanƙwasa masa gaɓoɓi a hankali. Idan likita ya tabbatar yana iya haɗiya, wake, ƙwai, kifi da nono sun fi kunu zalla gina jiki.

Ga 'yan uwan da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya ko Abijan kuwa, kada kuɗin da ake turowa gida ya ƙare ranar sallama daga asibiti. Watannin da ke biye, na abinci mai gina jiki da zuwa wurin likitan gashi, su ke taimaka wa matashi ya sake tsayawa da ƙafarsa.