Darasin fiziks a babbar sakandare: ƙofofin da yake buɗe wa ɗalibi

Idan ɗalibi ya kammala ƙaramar sakandare, akan tura shi ɓangaren kimiyya, ko na adabi, ko na kasuwanci. Iyaye da dama ba sa sa baki a wannan rabo, alhali a nan ake yanke hukuncin da zai bi yaro har jami'a. Wanda bai ɗauki fiziks tun daga ajin farko na babbar sakandare ba, da wuya ya samu hanyar zama injiniya ko likita.

Dalilin yana cikin ƙa'idojin shiga jami'a. Hukumar JAMB tana jarraba mai neman gurbi a darussa huɗu, Turanci da wasu uku. Ga yawancin fannonin injiniya, ukun su ne lissafi da fiziks da kemistiri; ga likitanci da harhaɗa magunguna kuwa, fiziks da kemistiri da bayoloji. Ko ta ina aka bi, sai an ci karo da fiziks, kuma sai an samu kiredit a cikinsa a jarrabawar WAEC ko NECO.

Fiziks ilimi ne na motsi da zafi da haske da sauti da lantarki, kuma bai yi nisa da rayuwar kasuwa da ofis ba. Manyan layukan wutar Najeriya suna ɗauko lantarki da ƙarfin bolt 330,000, sannan a yi ta rage shi da taransifoma har ya dawo kusan 230 a soket ɗin shago. Me ya sa ake wannan wahala? Idan aka ɗaga ƙarfin wutar, yawan abin da ke gudana a cikin waya yana raguwa, asarar da ake yi ta hanyar zafi kuma tana faɗuwa ƙwarai: a rage gudanar da rabi, asarar ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ɗalibin da ya fahimci wannan ya kama hanyar gane injin inbata da farantin sola da suka cika kasuwanni.

Abu biyu ke kayar da ɗalibai. Na farko raunin lissafi, domin da harshensa ake rubuta dokokin fiziks. Na biyu rashin ɗakin gwaje-gwaje. Jarrabawar tana da takarda ta aiki da hannu, inda ɗalibi zai auna lilon ƙwallo a jikin zare, ko ya haɗa waya da batir, ya zana jadawalin sakamakonsa. Yaron da bai taɓa riƙe kayan awo ba sai ranar jarrabawa, an zalunce shi. Don haka uba mai biyan kuɗin makaranta yana da haƙƙin a nuna masa ɗakin da idonsa. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda Jihar Kano ta buɗe a 1977, shaida ne kan abin da kayan aiki da ƙwararrun malamai ke haifarwa, ganin ɗimbin likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu.

Hanyoyin ba su tsaya nan ba. A cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike da ya fara aiki a 2004, ana gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da shi. Asibitocin da ke gasa cutar daji suna buƙatar masanin fiziks da zai auna yawan hasken da za a haska wa majinyaci. Masu binciken ƙarƙashin ƙasa ne ke nuna inda za a haƙa rijiyar burtsatse, su ne kuma a sahun gaba wajen neman man fetur, kamar wanda aka gano a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe.

Sai dai digirin farko a tsantsar fiziks ba ya kawo aiki da sauri kamar likitanci. Da yawa daga masu shi sukan shiga koyarwa, masu son bincike ko aikin asibiti kuma galibi sai sun ƙara da digiri na biyu.