Feshin ƙyalli da fentin mota: wa ke cinye fentin?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba. Yau mun ajiye siyasa a gefe, maganar fentin mota za mu yi. Na san wani zai ce, ni da ko keke ba ni da shi ina ruwana? Ɗan yi haƙuri ka biyo ni. In ba ka da mota, ai kana da ƙani ko aboki da ke cin abinci a wajen wankin mota, kuma shi ake zagi duk ranar da fenti ya dushe.

Abin da ya jawo maganar a gidanmu ya faru. Gab da shigowar hunturun bara yayana ya sayi baƙar mota 'yar Kwatano, bayan ya yi shekaru yana tari. Ranar da ta iso Hanwa, wallahi kana iya gyara zaman hularka a jikin ƙofarta. Ba a yi wata huɗu ba, in ka tsaya a rana ka dubi bonet ɗin sai ka ga sirin zane ko'ina, zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Sai ya yi odar wani feshi ta intanet, an rubuta masa seramik da 9H da manyan baƙaƙe. Ya fesa, mota ta ɗauki sheƙi, ya yi murna. Bayan sati biyu zanen ya dawo yadda yake. Daga nan ya tafi ya sauke fushinsa a kan yaron da ke wanke masa ita can wajen Kwangila, har ya hana shi kuɗin ranar. Yaron cewa ya yi, "Yallaɓai, wallahi yadda nake wanke ta kowa haka nake wanke taka." Kuma gaskiya ya faɗa.

Da muka dawo gida na ce, Yaya, tsumman nan da kake kaɗe ƙura da shi kullum da safe kafin ka fita, a jiƙe yake ko a bushe? Ya ce a bushe mana. To a nan gizo ke saƙa.

Bari mu fara da shi kansa fentin. Abin da muke gani a jikin motar zamani hawa-hawa ne. A ƙasa akwai shafen da ke hana ƙarfe tsatsa, sai na share fage, sai mai launi, sannan a can sama a shimfiɗa wani fenti garau mara launi, wanda masu fenti ke kira kiliya. Shi wannan na saman shi ke ba da ƙyalli, shi ke tare zafin rana kada ya cinye launin. Dukkansu in an haɗa, kaurinsu bai cika wuce maikuron 100 zuwa 150 ba. Maikuron ɗaya shi ne milimita ɗaya a raba ta gida 1000. Shi kiliya kaɗai yakan kama 40 zuwa 50. Ka ɗauki takardar A4 ɗaya, irin wadda ake buga mana handawut a makaranta, kaurinta kusan maikuron 100 ne. Ke nan abin da ke tsakanin launin motarka da duniya bai fi rabin kaurin takarda ba. Kuma in ya tafi, ya tafi, ba ya tsirowa.

Iyayenmu da suka yi zamanin Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun tsakiyar shekarun 1970, sun saba da wani abu daban. Yawancin motocin lokacin launi da ƙyalli a haɗe suke a shafe ɗaya. In ya dushe sai a goge da folish, tsumma ya ɗauko launin, sabon fenti ya fito daga ƙasa. Mu kuma muka gaji wannan hannun gugar muka kawo shi kan motocin da ba haka aka yi su ba.

Sai ƙura. Hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska ce ke kwaso shi daga Sahara, kaso mai yawa daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi, inda a da can gindin wani makeken tafki ne. Ga kuma jar ƙurar titunanmu na cikin unguwa da ke tashi duk sanda mai babur ya gifta. A cikin ƙurar nan akwai ɓarɓashin yashi, kuma ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, wanda ke tafiya daga 1 zuwa 10, yashi na kan 7, gilashin taga wajen 5 da rabi, lu'ulu'u na kan 10. Shi kuwa kiliya ɗan'uwan roba ne, ko kusa bai kai gilashi ba. Don haka duk sanda ka ɗora busasshen tsumma kan motar da ta kwana a hazo ka murza, samfefa ka yi mata, da hannunka. Baƙar mota ta fi tona asiri ne kawai, amma farar ma tana shan irin wannan.

A wajen wanki kuma ga yadda abin yake, duk mun gani. Bokiti ɗaya, soso ɗaya. Da shi za a wanke taya da ƙasan mota inda laka take, a tsoma a bokitin, a ɗago a hau bonet. In soson ya faɗi ƙasa a ɗauka a kaɗe a ci gaba. Sabulun kuma omo ne na wankin kaya, wanda aka yi shi don ya narkar da maiƙo. Yana wanke datti tas, ba musu, amma yana tafiya da duk wani kaki ko man kariya da aka shafa wa fentin, yana kuma busar da baƙaƙen robobin jikin mota har su koma fari-fari. In aka yi wankin da tsakar rana, ruwan bohol ya bushe a jiki kafin a goge, sai ya bar tabon gishirinsa ɗigo-ɗigo. Ba mugunta ba ce, haka yaron ya tarar ana yi, kuma da kuɗin da muke biyansa ba zai iya sayen wani abu daban ba.

To yanzu mu zo kan gwangwanaye da kwalaben da suka cika kasuwa, daga shagunan kayan mota na Sabon Gari har zuwa masu talla a TikTok. Suna da yawa, amma aikinsu bai wuce kala biyu ba: wani cirewa yake yi, wani ɗorawa yake yi. Folish na gaskiya, musamman wanda ake bi da inji, cirewa yake yi. Yana kankare saman kiliya ne har ya sauko daidai da zurfin zanen, shi ya sa zanen ke ɓacewa. Aiki ne mai kyau a hannun wanda ya iya, sau ɗaya ko biyu a rayuwar mota. Amma mai kai motarsa a buga mata inji duk bayan wata biyu saboda biki, daga rabin takardar nan yake yaga. Ranar da ta ƙare za ka ga rufin mota da bonet sun fara yin fari suna ɓarewa kamar fatar maciji. In an kai nan babu feshin da zai yi magani, sai sabon fenti, kuma kowa ya san inda kuɗin kayan waje ya kai tun da aka saki Naira a 2023.

Masu ɗorawa kuma hawa-hawa ne. Mafi tsufa shi ne kaki, kuma mai kyan ciki daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya ake samunsa a arewa maso gabashin Brazil, sunansa karnuba. Yana ba da sheƙi mai daɗin kallo, yana sa ruwa ya tsaya ƙwallo-ƙwallo ya gangare. Sai dai a ranar Zariya ta watan Maris da Afrilu, ga kuma omo, 'yan makonni yake yi. Akwai na haɗin masana'anta da ke ɗan fi shi jimawa, ya kai wasu watanni.

Seramik ɗin da ake ta yayi, na ainihin a 'yar ƙaramar kwalba yake zuwa, mililita 30 ko 50. Ba a fesa shi a bakin titi. Sai an wanke mota, an cire duk wani maiƙo, an gyara zanen da ke jiki, sannan a shafa shi kaɗan-kaɗan a rufaffen wuri mara ƙura, a bar shi kamar kwana guda ruwa bai taɓa shi ba. In ya kama yakan yi shekara ko fiye, datti ba ya manne masa sosai, wanki ya yi sauƙi. Amma kaurinsa maikuron 1 ne zuwa 2. Shi kuma 9H ɗin nan da ya ruɗi yayana, ma'aunin fensir ne. Eh, fensirin rubutu. Ma'anarsa an ja fensir mafi tauri a kai bai karce shi ba. Ba 9 ta ma'aunin duwatsu ba ce, kuma yashi ya fi kowane fensir tauri nesa ba kusa ba. Na feshi kuwa, wanda aka tsarma, ɗan kaɗan ne na sinadarin a ciki. Yana da amfaninsa a matsayin kariya ta ɗan lokaci, amma abin da ya yi wa motar Yaya shi ne ya cike ramukan zanen da maiƙo, ido ya daina ganinsu. Wanki biyu da omo, maiƙon ya tafi.

Abu ɗaya da ke tare tsakuwa da karce da gaske shi ne wata leda garau mai kauri da ake mannawa a gaban mota, kaurinta kan kai maikuron 150 zuwa 200. Asalinta daga sojan Amurka ne, lokacin yaƙin Vietnam, inda kamfanin 3M ya yi ta don kare fukafukan jirage masu saukar ungulu daga yashi. Tana aiki, amma kuɗinta na manya ne, kuma in aka manna mara kyau rana na mayar da ita ruwan ɗorawa.

Akwai wani ɓangaren da ya fi fenti muhimmanci a wurina, shi ne lafiya da rai. Feshin da ake yi wa dashbod da taya yawanci silikon ne, santsi gare shi. Na sha ganin an fesa shi har kan sitiyari da fedar birki don a burge mai mota. Ka yi tunanin tafin takalminka ya zame daga birki a kan gadar Kwangila. Dashbod mai ƙyalli kuma yana haska kansa a gilashin gaba ya kashe maka ido da rana. Wasu kuma man birki suke shafa wa taya don ta yi baƙi wuluk, alhali man birki in ya ɗiga a fenti cinye shi yake yi. Gwangwanin feshin ma, duba jikinsa, za ka ga an ce kada ya sha zafin da ya wuce digiri 50, mu kuma a cikin mota muke barinsa, gilashi a rufe, a tsakar rana. Wani dattijo mai fenti da na tambaya ya ƙara min da nasa kukan. Ya ce, "Ɗana, motar da aka saba yi wa feshin nan, in ka zo yi mata fenti sai ya riƙa tsagewa yana yin ƙananan ramuka, sai mun wanke ta wankin gaske." Shi kansa na same shi yana fesa kiliya da ƙyalle ɗaure a hanci. Sinadarin da ke sa kiliya ya daskare yana jawo asma, kuma ƙyalle ba ya tare shi, sai takunkumi na musamman.

Abin da ke kare fenti da gaske ba shi da tsada, shi ya sa ba mai tallarsa. A fara watsa ruwa ƙura ta sauka kafin hannu ya taɓa jiki. Na san ruwa a Zariya ba abin wasa ba ne, jarka kuɗi ce, to in babu ruwan gara a bar motar da ƙurarta, a goge gilashi da fitila kawai. Ƙurar da ke zaune ba ta karce komai, sai an ja ta. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, sannan soson taya daban. Daga sama a faro a gangaro. Sabulun wankin mota na ruwa maimakon omo, tawul mai laushi maimakon tsohuwar singileti, a inuwa ko da sassafe. Inuwar ma a duba, don ƙarƙashin darbejiya akwai kashin tsuntsu da na jemage, kuma shi yana da asid da ke cin kiliya in ya sha rana a kai. Jiƙa shi za ka yi ya yi laushi ka ɗauke, kada ka kankare. Bayan wannan ne kaki ko feshi zai yi ma'ana.

Ni abin da ke ci min rai shi ne, sana'a ce sukutum muke kallo a matsayin aikin wanda ya rasa abin yi. A Abuja da Legas akwai masu wannan aikin da ake yi wa layi, kuma abin da suka fi yaranmu da shi sanin abubuwan nan ne da ɗan jari. Mu da muke da Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, sabulun wankin mota bai kamata ya zama abin da sai an ɗauko mana daga waje ba. Ga masu karatun kemistiri a cikinku, ga kasuwa nan a bakin kowane titi. Kuma a tuna ruwan wankin nan da maiƙonsa kwata yake bi, da yawansa ya ƙare a Kubanni, inda masu lambu ke ban ruwa.

Yaya dai ya koma wajen yaron ya biya shi kuɗinsa, ya kuma kai masa bokiti na biyu da tawul guda uku. Yaron ya ce wankin zai riƙa ɗaukar lokaci fiye da da, sai an ƙara masa wani abu, suka yi ciniki suka daidaita. Zanen da ke bonet yana nan, mai fenti ya ce zai ɗauki guga ɗaya a hankali, amma a bari sai hunturu ya wuce. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.